Ohagi Ya Rasu da Amanar Iya Kinue a Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta ɗan fi baƙin cikin nauyi, Malam Seko Tadashi, malamin aji uku da huɗu na makarantar firamare ta Nagiura, a madadin kansa da ɗalibansa tara, yana sanar da mutanen ƙauye, na gangare da na bakin ruwa, da waɗanda suka koma birni suke turo gaisuwa sau biyu a shekara, rasuwar abokin aikinsa Ohagi, mutum-mutumin koyarwa na makarantar. Rai ya yi halinsa ranar Talata, ashirin da biyar ga watan Yuni, da hantsi, a kan teburin ɗakin kimiyya, bayan jinyar mako uku. Shekararsa huɗu da wata biyu a duniya, in an haɗa da wata biyar da ya yi a cikin kwali saboda Malam Seko yana tsoron buɗe shi. An jinkirta wannan sanarwa kwana goma, kuma dalilin zai bayyana a ƙasa, duk da cewa mai sanarwar ya so a ce bai bayyana ba.

Marigayin ba haifaffen Nagiura ba ne. Hukumar ilimi ce ta aiko shi, tare da takarda mai shafi arba'in da ke cewa yaran zamani su koyi garinsu ta hanyar ba na'ura umarni. Aka duba malaman makarantar su biyar, aka ga Malam Seko ne mai koyar da kimiyya, aka miƙa masa kwalin. Ba a duba cewa shekararsa hamsin da uku ba, kuma har yau wayarsa irin wadda ake ninkewa ce. Da aka fito da baƙon, sai ga shi kamar kwanon miya da aka kife, ja mai duhu, da taya biyu da ido ɗaya. Yara suka ce ya yi kama da curin shinkafar nan da ake lulluɓewa da jan wake a ajiye wa magabata a gaban hotunansu, suka raɗa masa sunan curin, wato Ohagi. Babu babban da ya tsaya ya yi tunanin ko sunan abincin matattu ya dace da jariri.

Aikinsa ba shi da wuyar faɗa. Yara sun zana taswirar ƙauye a kan babban tamfol suka shimfiɗa a ƙasan aji: tashar jiragen kamun kifi, gidan waya, shagon awara na gidan Ozaki, haikali, maƙabarta, da matakala ɗari biyu da goma sha biyu da ake hawa a guje idan ƙasa ta girgiza. Sai su jera katuna masu kibiya, gaba, hagu, dama, tsaya, su nuna wa idonsa. Shi kuma ya ce, "Pi-po. Ina muka dosa?" ya kama hanya. Idan lissafinsu ya yi daidai ya isa inda aka aike shi, sai ya buɗe baki da muryar mai wurin, ya ba da labarin wurin. Don a samo waɗannan muryoyi kuwa, dole yara su ɗauke shi a bokitin kifi da aka wanke sau uku, su bi gida-gida, su yi sallama, su durƙusa, su tambayi tsoho abin da ya sani. Ta haka yaran da a da gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga kai daga waya ba suka san cewa matakalar tudu ɗari biyu ce cif a zamanin kakanni, sha biyun an ƙara su ne bayan shekarar da teku ta hau ta taɓa ta ɗari da casa'in. Malam Seko ya yi shekara ashirin da tara yana faɗa wa yara wannan magana da bakinsa, ba wanda ya riƙe. Kwanon miya mai taya ya faɗa sau ɗaya, suka tafi gida suna koya wa iyayensu.

Waɗanda suka zauna da marigayin za su shaide shi da haƙuri. Bai taɓa neman a mayar da shi makarantar birni ba, abin da ba za a iya faɗa game da malamai huɗu da suka zo suka tafi a zamaninsa ba. Mai ladabi ne har ya wuce misali. Idan ya yi karo da abu sai ya ja baya kaɗan ya ce, "Gafara dai," kuma bai bambanta tsakanin ƙafar shugabar makaranta da ƙafar tebur ba, kowa haƙƙinsa ɗaya. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba abin da ake nufi ba. Idan yaro ya sa hagu a inda dama ta kamata, marigayin zai bi hagu da natsuwa ya faɗa cikin tekun taswira ba tare da ya ɗora wa kowa laifi ba, halin da Malam Seko ya daɗe yana ganin amfaninsa a aikin gwamnati. Gaskiya ta sa a ambaci rauninsa guda biyu: ba ya jituwa da bakin tabarma, kuma ƙarfinsa yakan ƙare a darasi na biyar, daidai lokacin da na malaminsa yake ƙarewa.

Ba za a ba da tarihinsa ba sai an ambaci aminiyarsa, marigayiya Okuno Kinue, wadda ƙauye duka ke kira Iya Kinue. Shekara saba'in ta yi tana nutso a teku da numfashi ɗaya, tana ɓamɓaro awabi, dodon-koɗin nan mai tsada, daga jikin duwatsu. Ta zo makaranta ranar ziyarar iyaye tana da shekara tamanin da biyar, ta tsaya a kan taswira da sandarta, ta kalli rabin tamfol ɗin da aka shafe da shuɗi aka zana kifi ɗaya yana murmushi. Ta san mahaifiyar Malam Seko tun suna 'yan mata, kuma ba ta taɓa amincewa cewa ɗan ya girma ba.

"Kai, ɗan Tome. Wa ya zana wannan?"

"Yara ne, Iya."

"Kai kana ina suka zana? Kun sa inda muke kwana, kun bar inda muke ci."

Daga ranar, duk Alhamis tana aji. Ta cika shuɗin nan da duwatsun ƙarƙashin ruwa, kowanne da sunansa: Bakin Tukunya, Sirdi, Kujerar Gwauro, da wani ɗan tsibiri da ake kira Inda Tome Ta Yi Amai, wanda yara suka fi son aika marigayin can fiye da ko'ina. Ta ce Ohagi ne kaɗai namiji a Nagiura da ke sauraron magana har ƙarshenta. Takan ajiye masa alewa ɗaya a gabansa kafin ta tafi. Malam Seko ne yake shanye ta bayan an tashi, don kada a yi almubazzaranci.

Kowa a nan ya san kowace mai nutso tana da rumbunta, wani lungu a ƙarƙashin ruwa da ita kaɗai ta san shi, ba ta faɗa wa miji, ba ta faɗa wa ɗiya, sai in ta ga tafiya ta zo, wani lokaci ma ko ta zo ba ta faɗa. Rumbun Iya Kinue ya yi suna. A shekarun da mata ke dawowa da raga fayau, ita takan fito da awabi uku, kowanne ya fi tafin hannu. Wannan dutse kaɗai ne ba ta sa a taswira ba.

Wata Alhamis cikin Afrilun bana, ta kori yara zuwa filin wasa, ta sa Malam Seko ya danna maɓallin ɗaukar murya.

"Yanzu fita. Je ka ƙirga matakala."

"Iya, ai an ƙirga su."

"Sake ƙirgawa. Ohagi zan faɗa wa, don shi bai iya iyo ba."

Minti huɗu ta yi a ciki. Da ta fito ta ba shi umarni: idan ta mutu, a bari ta cika kwana arba'in da tara, ranar da mamaci ke gama tafiyarsa, sannan ya ɗauki Ohagi ya kai wa Sachie, matar ɗanta, a kunna mata ita kaɗai. Sachie ita ce wadda aka auro daga wani gari na cikin duwatsu, ta koyi nutso tana da shekara talatin, ta zauna gida ɗaya da Iya Kinue shekara talatin da huɗu ba tare da ta ji an yaba mata ko dafa ruwa ba. Malam Seko ya ce haba Iya, ai akwai sauran shekaru. Ta tambaye shi yaushe ya zama likita. Bayan mako biyar aka same ta a zaune a bayan gida inda take shanya ciyawar teku, ta jingina da bango, ta riga mu gidan gaskiya.

A nan ya wajaba a faɗi abin da ya shafi Malam Seko. Shugabar makaranta, Malama Nishii, takan tuna masa sau biyu a shekara ya kwafe muryoyin da ke cikin Ohagi zuwa kwamfuta. Shi kuma yakan amsa da cewa ana kan yi. Kafin a jona wani abu da kwamfutar makaranta, akwai takardar da ke buƙatar hatimi uku. Ya samu na shugaba, ya samu na mataimaki. Na ukun nasa ne, kuma yana cikin aljihun wata riga da bai tuna wacce ba ce.

Ranar jana'izar Iya Kinue yara suka kafe cewa sai an tafi da Ohagi, tunda ya fi kowa jin maganarta. Aka ɗaura masa baƙin kyalle, aka zaunar da shi a sahu na uku. Ya nuna kamun kai har zuwa lokacin da limamin haikali ya buga ƙararrawa a tsakiyar karatu. Wani abu a cikin ƙarar ya tashe shi, ya kunna idonsa, ya tambayi jama'a da murya mai daɗi, "Pi-po. Ina muka dosa?" Malam Seko ya so ƙasa ta tsage. Tsofaffin da ke sahun gaba suka gyaɗa kai, daga baya ɗaya ta ce ba ta taɓa jin tambayar da ta dace da wuri kamar wannan ba.

Aka fito, aka raba wa kowa ɗan ƙullin gishirin da ake barbaɗawa a jiki kafin a shiga gida, don kada makoki ya bi mutum ciki. A ƙofar makaranta yara suka tsaya, kowa ya barbaɗa wa kansa kamar yadda aka koya masa, ƙirji, baya, ƙafa. Sai wata yarinya mai suna Koharu ta ce ai Ohagi ma ya je. Ba wanda ya iya musa wannan. Yara tara suka yi layi, kowa ya ba shi ragowar nasa, ƙirji, baya, taya. Marigayin yana da wasu 'yan ramuka a bayansa da yake shan iska ta cikinsu, kuma yaran, da yake an tarbiyyantar da su su yi abu da kyau, sun tabbatar ya shiga. Malam Seko yana tsaye yana kallo, idonsa ya kawo ruwa saboda kyawun halin ɗalibansa. Da suka gama, ya ga akwai saura a nasa ƙullin, ya durƙusa ya ƙara masa. Wannan shi ne mutumin da a zangon da ya wuce ya koyar da darasi mai suna Abin da Gishiri da Danshi Ke Yi wa Ƙarfe, har da gwaji da ƙusa a cikin kofi.

Sannan damina ta sauka.

Ciwon ya fara da ɗingishi. Aka aike shi gidan waya, ya isa, ya yi bayanin yadda ake tace awara. Aka aike shi maƙabarta, ya tsaya a tsakiyar kaburbura ya ce da muryar matar gidan waya, "Duk wanda ya shigo nan, mun san adireshinsa." Yara suka yi ta dariya, suka ɗauka sabon darasi ne. A mako na biyu ya daina juyawa dama. Ko'ina aka tura shi sai ya yi ta kewaya Bakin Tukunya yana ba ruwa haƙuri. Malam Seko ya lissafa kwanaki, ya ga saura goma sha biyar, ya yi tunanin ɗaukarsa ya kai wa Sachie tun da sauran numfashi. Amma an ce arba'in da tara, kuma ya gano cewa ya fi tsoron Iya Kinue a mace fiye da yadda ya ji tsoronta a raye. Ya koma gida ya zazzage riguna. A rana ta talatin da takwas ya samu hatimin a cikin rigar da yake zuwa bikin yaye ɗalibai, ya buga, ya kawo waya zai jona, ya tarar ramin da ake soka ta ya yi kore kamar tsohon kwabo.

Aka garzaya da majinyacin wurin Tsoho Tsuji mai gyaran rediyo. Ya buɗe cikin, ya daɗe yana kallo, ya dangwali wani farin abu ya ɗanɗana.

"Malam, shanya shi za ku yi ko gasawa?"

"Makoki muka je da shi."

"To ai an tsarkake shi, ba shakka. Ko aljani ba zai zauna a nan ba."

"Muryoyin fa?"

Tsoho Tsuji ya nuna wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar kankana, wanda ƙafafunsa suka zama gari. Ya mayar da murfin a hankali, ya ɗaure dukkan ƙusoshin, har da wadda ta ɓata tun bara ya samo mata madadi. Aka buga wa kamfanin da ya ƙera shi waya. Wata mata mai murya kamar ruwan sanyi ta ba da haƙuri sau bakwai, ta ce sun daina yin irinsa, ta tambaya ko an kiyaye shi daga danshi da gishiri kamar yadda shafi na uku ya ce.

A rana ta arba'in da ɗaya, yara suna kewaye da shi, ya kunna ido da kansa ba wanda ya taɓa shi. Ya matsa gaba kamar faɗin yatsa biyu, babu komai a gabansa, ya ce, "Gafara," bai ƙarasa ba. Saura kwana takwas.

Ya rasu ya bar ɗalibai tara. Da cajarsa, wadda ta zauna da shi tun daga kwali kuma har yanzu tana jone a bango, ba wanda ya samu ƙarfin zuciyar cire ta. Da katuna sittin da uku, na sittin da huɗun wani ɗan aji uku ya haɗiye rabinsa a shekarar farko. Da bokiti ɗaya. Da taswirar da yanzu ta fi ta ofishin ƙauye cika. Da Malam Seko, wanda ya rage da saƙon da zai kai, babu saƙon.

Ranar da Iya Kinue ta cika arba'in da tara, bayan an gama addu'o'i an watse, ya naɗe gawar a kyalle ya gangara bukkar da mata masu nutso ke jin ɗumi idan sun fito daga ruwa. Tsakar rana ce. Su shida ne a kewaye da wuta, da tawul a kai, Sachie tana juya kifi a kan waya. Ya yi kwana takwas yana gwada yadda zai kai goshinsa ƙasa. Da ya zo yi, gwiwarsa ta hagu ta ƙi, ya tsaya a rabin hanya kamar mai neman allura.

"Yaya Sachie, na zo da laifi."

"Zauna tukuna, Malam, kafin ka faɗa mana cikin wuta. Wa zai koyar da yara?"

Ya zauna ya faɗi komai, daga Alhamis ɗin Afrilu har zuwa ɗanɗanon Tsoho Tsuji. Bai rage hatimi ba, bai rage ƙullin gishirinsa ba. Ya ce rumbun Iya Kinue ya tafi, shekara saba'in na sani, kuma shi ya barbaɗa masa gishiri da hannunsa.

Sai wata tsohuwa mai suna Fumie ta ja tawul ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ta kusa da ita ma ta kama dariya. Sachie ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kai ta zayyana wurin a numfashi ɗaya, daga wane dutse ake daidaita wane itace da wane rufi, gaba nawa ake nutsewa, ta wane hannu kogon yake. Wannan sanarwa ba za ta maimaita ba, saboda amana, da kuma saboda Malam Seko bai fahimci ko ɗaya ba.

"Kin sani?"

"Shekara ashirin da shida."

"Mu duka mun sani, ɗan Tome," in ji Iya Fumie daga cikin tawul. "Matar da in ta taso daga ruwa ana jin fitonta har tasha? Wane ɓoyo?"

"To me ya sa ba ku taɓa zuwa ba?"

Suka kalle shi kamar ya tambayi me ya sa ba sa shiga ɗakin maƙwabta su buɗe tukunya.

"Wurinta ne," in ji Sachie. "In ta nufi can, kowa sai ta juya baya ta duba ragarta. Ita ma haka take yi mana."

Wani sanyi ya sauko wa Malam Seko daga wuya har gwiwar da ta ƙi lanƙwasa. Ya ce ashe dai babu abin da ya ɓata. Ya faɗe shi da sauri, har da ɗan murmushi, kuma yana roƙon a rubuta wannan cikin laifuffukansa.

Sachie ta juya kifi.

"Minti nawa ka ce ta yi a ciki?"

"Huɗu."

"Kwatancen da na yi maka yanzu ya kai rabin minti?"

Bai kai ba. Ba wanda ya ƙara dariya. Malam Seko, wanda ke koyar da ragi a aji uku, ya yi lissafin a zuci, ya ga minti uku da rabi na maganar da tsohuwa ta ajiye shekara talatin da huɗu, ta rasa wanda za ta faɗa wa sai kwano mai taya. Yana riƙe da kwanon a cinyarsa.

Can Sachie ta ce, ba ta kalle shi ba, "Da ta ce ka kawo, yaya ta ce? Faɗa mini yadda ta faɗa. Kada ka sa mata ladabin da ba ta da shi."

Wannan kam yana da shi, don ba a cikin Ohagi aka ajiye ba.

"Ta ce, ka kai wa 'yata. Na ce, Yoriko da ke birnin Nagoya? Ta ce, kai ɗan Tome, kanka ɗaya kuwa? Yoriko 'yar ubanta ce, ko wanka za ta yi sai ta toshe hanci. 'Yata nake ce maka, mai taurin kan nan, wadda ba ta iya miya ba."

Sachie ta daɗe tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Ta ce wanda ya kawo itacen yau ɗanye ya kawo, hayaƙi duk ya cika wa mutane ido. Matan suka yarda da ita baki ɗaya, kowace ta juya baya ta duba ragarta.

"'Yar tudu take ce mini," ta ce. "Tun ranar da aka kawo ni. Ke 'yar tudu, rufe ƙofa." Ta ɗauko kifi mafi girma ta ɗora a takarda ta miƙa masa. "Ci. Miyata kuma lafiyarta lau, harshenta ne ya mutu tun kafin ita."

Sannan ta karɓi ƙunshin daga cinyarsa ta kwance, ta lashi babban yatsa ta goge farin da ya taru a bayan marigayin.

"Ya riƙe amana dai," ta ce. "Ko ni bai faɗa wa ba."

Za a yi jana'izar Ohagi ranar Asabar, goma sha uku ga Yuli, da ƙarfe goma na safe, a haikalin ƙauye. Limamin ya amince ya sa shi a layin tsofaffin 'yan tsana da allurai da ake yi wa addu'ar sallama duk shekara, bayan ya yi tambaya ko marigayin zai sake magana, aka tabbatar masa ba zai sake ba. Za a taso da gawar daga makaranta da ƙarfe tara a cikin akwatin alewa da gidan Ozaki suka bayar. Ɗalibai za su ɗauke ta bi da bi ta tasha, da gidan waya, da shagon awara, a kowane wuri ɗaya daga cikinsu zai tsaya ya faɗi abin da marigayin ya saba faɗa a can, gwargwadon abin da ya riƙe. Wanda aka ɗauki muryarsa yana da damar fitowa ya gyara, kuma ana roƙon ya taƙaita. Ba za a hau matakala ba, saboda gwiwar jagoran tafiya. Bisa dokar shara ta ƙauye, an riga an cire batirin, zai bi tasa hanyar ranar Laraba ta biyu a cikin wata; iyalan sun karɓi wannan rabuwa da haƙuri. Ana karɓar ta'aziyya a ɗakin malamai bayan darasi na biyar. Kada a kawo furanni. Wanda ke da labarin wani lungu na ƙauyen nan da bai taɓa faɗa wa kowa ba, ya zo da shi, akwai yara tara da fensir.

Mazan da suka fara zuwa gaisuwa tun jiya, suna zama har shayi ya huce, suna tambaya a kaikaice ko marigayin ya yi wata magana game da duwatsu kafin ya cika, su huta da wahala. Shi ya tafi da abin da ya ji. Malam Seko ya ji bai gane ba. Waɗanda suka sani su shida ne, za su zauna a sahun gaba ranar Asabar, Okuno Sachie a tsakiya a matsayin babbar mai makoki, kuma duk wanda ya tambaye su za su ce masa ba su taɓa jin labarin wurin ba.